Yadda Za Ka Ga Tabon Rana Daga Tsakar Gidanka a Kano Ba Tare da Ka Rasa Idonka Ba

Tun watan Mayun 2024, lokacin da hotunan jan haske a samaniyar Turai da Amurka suka cika wayoyinmu, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini, a majalisa, a makaranta, har a ƙofar masallaci bayan la'asar: wai baƙin tabon nan da aka ce yana jikin rana, mutum zai iya ganinsa daga nan Kano, ko sai Bature mai na'ura? Wani kuma sai ya ƙara da cewa shi ya ji an ce duniyoyin da ke zagaya rana ne ke haddasa shi idan suka yi jerin gwano. Na gaji da amsa wa mutum ɗai-ɗai, shi ya sa na zauna na rubuta komai daki-daki.

Za ka iya gani, kuma da kayan da galibinsu suna gidanka. Abin da za ka sani kafin a fara kaɗan ne. Tabon wuri ne da maganaɗisun rana ya taru ya cunkushe, har ya tare zafin da ke tasowa daga cikinta. Zafin fuskar rana ya kai kusan digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyas, cikin tabon kuwa wajen 3,500 zuwa 4,000. Ashe ba baƙi ba ne da gaske, hasken da ke kewaye da shi ne ya dushe shi.

1. Dokar ido

A duk wannan aikin babu inda za ka kalli rana. Hotonta za ka jefa a kan farar takarda, ka juya mata baya, ka kalli takardar. Idan ka riƙe wannan, ka riƙe rabin aikin.

Dalilin da ya sa nake nanatawa shi ne, shimfiɗar da ke can ƙuryar ido mai ɗaukar hoto ba ta jin zafi. Tana ƙonewa kana murmushi. Sai bayan sa'o'i, ko washegari, ka ga wani duhu ya tsaya a tsakiyar duk abin da ka kalla, kuma wani lokacin ba ya tafiya har abada.

Gargaɗi: baƙin tabarau, ko guda biyar ka jera, ba ya karewa. Haka gilashin da aka turara da hayaƙin aci-bal-bal, da fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, da faifan CD, da kallon rana a cikin kwanon ruwa. Duk waɗannan mun gan su a hannun mutane ranar husufin 29 ga Maris 2006, Allah dai ya tsare. Suna rage hasken da ke sa ka runtse ido ne kawai, su bar wanda ke yin ɓarnar ya wuce.

Gilashin walda fa? Mai lamba 14 ya isa a leƙa rana da shi na ɗan lokaci. Matsalar ita ce yawancin wanda masu walda ke aiki da shi lambarsa ba ta kai haka ba, wani ma babu lamba a jikinsa. Na taɓa karɓar wani a hannun wani mai walda da ya rantse mini cewa babu abin da ya fi shi duhu. Da na duba gefensa a gida, lamba 10 ce. In ba ka ga lambar da idonka ba, ajiye shi. Tabaron husufi na gaske kuwa yana ɗauke da alamar ISO 12312-2, kuma ko shi ba a haɗa shi da tabaron hangen nesa, don hasken da aka tara zai huda shi nan take.

2. Haɗa kaya

Hanya biyu ce, ta madubi da ta tabaron hangen nesa. Ta farko kusan kyauta ce. Ta biyu ita ce mai nuna abu sosai.

Ga abin da za ka nema: ƙaramin madubi irin na cikin jakar mata, shafaffe ba mai ƙara girman fuska ba; kwali babba guda biyu, wanda mai kantin unguwa zai ba ka ko ya sayar maka da ɗan canji; farar takarda marar layi; salatif; fensir da rula da kamfas na zana da'ira, duk suna cikin akwatin lissafin yaranka; littafin rubutu mai kauri guda ɗaya wanda ba za a yi komai da shi ba sai wannan aiki; sai tsohuwar robar tayar keke da za a yanka a yi ɗauri.

Kuɗin gaske yana kan tabaron hangen nesa mai ido biyu. A jikinsa za ka ga lambobi kamar 7x50 ko 10x50. Ta farko ita ce yawan ninkin da yake yi wa abu, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Kowanne cikin biyun nan ya yi. Kafin ka nufi Sabon Gari neman sabo, tambayi dattijon gidanku ko wani tsohon soja a unguwa, sau da yawa akwai wani a ƙasan akwati yana shan ƙura. Na hannu ma ya fi dacewa da wannan aiki, don zafin rana yana iya lalata shi, kuma tsofaffin na ƙarfe sun fi na roba juriya. Kada ka ari mai tsada na wani. Idan za ka saya, duba wani abu mai nisa da shi a nan kasuwar, kamar hasumiyar masallaci ko turken sadarwa, ka tabbatar hoton yana fita tar. Ko ido ɗaya ne ke aiki ya wadatar, ɗayan dama rufe shi za ka yi, kuma wannan dalili ne na neman ragi.

Abin ɗora shi: ƙafar kyamara mai ƙafa uku ita ce ta fi. In babu, kujerar katako mai makari ta isa, ka ɗaure shi a jikin makarin da robar nan. Ni shekara guda cur da kujerar makarantar allo da bulo biyu na yi aiki.

3. Lokaci da wuri

Hantsi ya fi, tsakanin ƙarfe 8 da 10 na safe. Rana ta ɗago sama da rufin maƙwabta, amma ƙasa da kwanon rufi ba su ɗau zafin da zai sa iska ta riƙa rawa ba. Da tsakar rana kuwa wahala ce zalla. Kano tana kusan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana na hawa can ƙoli, har ma takan bi ta tsakar ka a ƙarshen Afrilu da kuma wajen ƙarshen Agusta. Saita na'ura sama tsaye a irin wannan lokacin sai ka kwanta a ƙasa.

Kaka, wato Oktoba da Nuwamba, ita ce lokacin da na fi jin daɗin aikin: ruwan sama ya wanke sarari, hazo bai sauko ba. Da damina kana samun safiya mai kyau bayan an kwana ana ruwa. Ba sai ka hau Dala ko Goron Dutse ba. Tsakar gida ko saman bene ya wadatar, muddin babu bishiya ko waya a gabas.

Gargaɗi kan hazo: a Disamba da Janairu, idan hazo ya yi kauri, rana takan zama kamar farin faranti, ido ya iya tsayawa a kanta ba tare da ya yi ƙwalla ba. Nan ne mutane suka fi cutuwa. Ƙurar ba ta tace duk hasken da ke ƙona ido, kuma kaurinta yana canzawa a cikin daƙiƙa. Rashin jin zafi ba shaida ba ce.

4. Hanyar madubi da soro

Gidajen cikin birni kamar don wannan aka gina su: ga soro mai duhu, ga ƙofa, ga fili a waje.

Yanki takarda mai kauri da za ta rufe fuskar madubin gaba ɗaya. Huda ta a tsakiya, huda mai faɗin milimita 5 ko 6, kwatankwacin hudar abin huda takarda na ofis. Manna ta a kan madubin da salatif. Yanzu madubinka ya zama ɗan ɗigo.

Kai shi waje inda rana ke bugawa, ka jingina shi a jikin bulo ko ka dasa shi a cikin kwanon yashi, yadda za ka iya karkata shi ya tsaya. Karkata shi har hasken ya shiga ta ƙofar soro ya sauka a bangon ciki, inda ka riga ka manna farar takarda. Wata dabara: da farko cire murfin, ka nemo bangon da babban hasken, sannan ka mayar da murfin a hankali ba tare da madubin ya motsa ba. Ɗan ƙaramin hasken yana da wuyar bi.

Abin da zai bayyana a bango da'ira ce, kuma ba siffar hudar ba ce, hoton rana ne kanta. Girmansa ya danganta da nisa: raba nisan da 109. Mita 10 za ta ba ka da'ira mai faɗin kusan santimita 9, mita 20 kuma kusan 18. Iya nisa iya girma, amma iya dushewa, don haka a toshe taga da duk wata kafa da tabarma ko bargo.

In faɗi gaskiya, wannan hanya manyan tabo kaɗai take nunawa, irin waɗanda suka ninka duniyarmu sau da yawa. Rukunin tabon da ya jawo jan hasken nan na 10 da 11 ga Mayun 2024, wanda masana suka yi wa lamba 3664, ya kai faɗin duniyarmu kusan sau 15, irinsa ne ke fita a bangon soro. A ranar da babu babba, fara fat za ka gani. Kada ka ce aikin bai yi ba.

Gargaɗi: sa yaro ɗaya mai hankali ya tsaya wajen madubin, ya hana kowa tsayawa a hanyar hasken ya leƙa. Kuma kada a haska shi wajen titi, saboda masu babur da 'yan adaidaita.

5. Hanyar tabaron hangen nesa

Nan ne aikin yake, kuma a nan ne tsarin matakan ya fi muhimmanci. Kada ka tsallake ko ɗaya.

Da farko, a cikin inuwa, rufe ɗaya daga cikin manyan gilasan gaba da murfinsa ko da kwali, ka ɗaure da salatif. Ido ɗaya za mu yi aiki da shi.

Na biyu, yanki kwali mai faɗi kamar faifai babba, ka huda shi daidai girman gilashin da ka bari a buɗe, ka zura shi a gaban na'urar kamar kwala. Aikinsa ya yi wa takardarka inuwa. In babu shi, hasken rana zai wanke hoton ba za ka ga komai ba, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi sa mutane su yi fushi su bar aikin.

Na uku, ɗaure na'urar a jikin ƙafarta ko kujera, babban gilashi yana fuskantar rana, ƙaramin da ake sa ido yana fuskantar ƙasa ta bayanka.

Na huɗu, saiti. Da inuwa ake yinsa, ba da ido ba. Juya wa rana baya, ka kalli inuwar na'urar a ƙasa ko a jikin takarda. Motsa ta sama da ƙasa, dama da hagu, har inuwar ta tsuke ta zama mafi ƙanƙanta. A daidai nan sai ka ga haske ya faɗo kan takardar. Ranar farko zai iya cin minti goma, bayan mako guda kuwa ko minti ɗaya ba zai kai ba.

Na biyar, riƙe farar takarda a manne a jikin kwali, kamar rabin mita daga ƙaramin gilashin, ka murɗa abin saita gani a hankali har bakin da'irar ya fita kamar an yanka da reza. Bakin da'irar shi ne ma'auninka. In yana da gashi-gashi, tabo ba zai fito ba.

Da mai ninki 10, rabin mita zai ba ka hoto mai faɗin kusan santimita 4 da rabi, mita ɗaya kuma kusan 9. Idan ka sa takardar a ƙasan kwali mai zurfi, wato hasken ya shiga ta baki ya sauka a gindi, kai kuma kana leƙawa ta wata ƙofa da ka yanka a gefe, hoton zai fi fitowa nesa ba kusa ba.

Gargaɗi na farko: a daidai bakin ƙaramin gilashin, hasken ya taru ya zama wuta. Kafin ka fara nuna wa yara komai, kawo ɗan yankin baƙar leda ka riƙe a wajen, su ga yadda take narkewa. Ka ce musu haka ido ke yi. Wannan ya fi wa'azin awa ɗaya. Ko da haka, kada ka bar na'urar a saite ka shiga ɗaki ko na shan ruwa ne; yaro ya ga tabaron hangen nesa, abin da zai fara yi shi ne ya sa ido.

Gargaɗi na biyu: minti ɗaya ko biyu, sai ka rufe gaban da kwali ya huce. Na'urata ta farko haka na kashe ta. Ina can ina fama da fensir sai na ji ƙaurin roba, na duba na tarar zoben da ke riƙe gilashin ciki ya narke ya karkace. In ka ga hoton ya yi haske da yawa, rage faɗin gilashin gaba da kwali mai huda kamar santimita 3, zafin zai ragu sosai.

6. Tabo ne ko datti?

A garin da ƙura ba ta ƙarewa, dole a yi wannan gwajin. Goga takardar gefe da gefe: ɗigon da ya bi takardar dattin takarda ne. Sannan ɗan taɓa na'urar kaɗan yadda hoton rana zai gusa: ɗigon da ya tafi tare da da'irar shi ne tabo, wanda ya tsaya a wurinsa ƙurar gilashi ce. Shi ke nan.

Babban tabo yana da baƙar cibiya da wani toka-toka da ya kewaye ta kamar kwalli ya zazzago. Za ka kuma lura gefen rana ya fi tsakiyarta duhu kaɗan. Ba laifin na'urarka ba ne, haka take.

7. Zana abin da ka gani

Ga dabarar da na fi so a duk aikin. Faɗin rana ya ninka na duniyarmu sau 109. Saboda haka buɗe kamfas ka zana da'ira mai faɗin milimita 109, wato ka buɗe shi milimita 54 da rabi. A cikin wannan da'irar, kowace milimita ɗaya duniyarmu ce guda, da Kano da Makka da tekuna duka. Zana irinta da yawa ka ajiye, ko ka kai ɗaya a yi maka hoto-kwafi.

Matsar da takardar gaba ko baya har hoton rana ya cika da'irar daidai. Da mai ninki 10, nisan zai ɗan haura mita ɗaya. In hoton ya dushe da yawa, yi amfani da rabin girman, ka tuna kowace milimita ta zama duniya biyu.

Rana ba ta jiranka. Saboda juyawar duniya, hoton yana gusawa da faɗinsa gaba ɗaya cikin kusan minti biyu. Don haka kada ka tsaya yin ado: daidaita, ɗiga fensir a kan tabo ɗaya, sake daidaitawa, ɗiga na gaba. Siffa da girma sai daga baya.

Wannan gusawar ma tana da amfani. Bar takardar a tsaye, ɗiga inda wani tabo yake, jira kamar rabin minti, sake ɗiga inda ya koma, ka haɗa ɗigon biyu da rula. Wajen da hoton ya nufa shi ne yamma, rubuta "Y" a can, "G" a ɗaya ɓangaren. In ba ka yi wannan ba, zanen jiya da na yau ba za su haɗu ba, domin hoton yana mirginawa yayin da rana ke hawa. Shi ya sa kuma ya fi kyau ka riƙa dubawa a lokaci ɗaya kullum.

A ƙasan kowane zane rubuta kwanan wata, ƙarfe nawa, da halin sama: garau, hazo kaɗan, hazo mai kauri, gajimare. Ranar da ba ka ga ko ɗigo ba, ita ma rubuta ta. Sifili ma lissafi ne.

8. Ƙirga

Masana suna da ƙa'idar da wani Rudolf Wolf na ƙasar Suwizalan ya kafa tun 1848, har yau a kanta ake. Ƙirga rukuni nawa ne, ninka da 10, sannan ka ƙara yawan tabo ɗai-ɗai. Rukuni 3 masu tabo 8 a jimla: 38 ke nan. Tabo ɗaya tilo da ke zaune shi kaɗai rukuni ne, don haka lissafinsa 11.

Lambarka za ta gaza ta cibiyar da ke tattara ƙirgar duniya a birnin Brussels na Beljiyam, don na'urorinsu na ganin ƙananan da taka ba ta gani. Kada wannan ya dame ka, kuma kada ka yi ƙari don ka kamo su. Abin nema shi ne hawa da saukar lambarka ta bi tasu.

9. Bi tabo ɗaya har ya faɗi

Jera zanen kwana biyar a kan tabarma. Za ka ga kowane tabo yana tafiya daga gabas zuwa yamma, yana ɓullowa ta wannan gefe, ya ratsa fuskar rana cikin kusan kwana 13 zuwa 14, ya ɓace ta wancan. Rana ce ke juyawa. Idan babba ne mai rai, jira shi bayan wasu makonni biyu, yana iya dawowa. Zagaye ɗaya daga inda muke kallo kusan kwana 27 ne. In hanyarsa ta ɗan karkace daga layin gabas da yamma da ka ja, daidai ne.

Rana ba dunƙulen dutse ba ce, tsakiyar fuskarta na kammala zagaye cikin kusan kwana 25, can kusa da ƙuryoyinta na arewa da kudu kuma ya kai 35. Wannan rashin tafiya tare shi ke murɗe maganaɗisunta kamar yadda ake murɗa igiya, har ya ƙulle ya ɓullo waje. Shaidar haka tana cikin zanenka: tabo sun fi zuwa biyu-biyu, na gaba da na baya, ɗaya inda igiyar maganaɗisun ta fito, ɗaya inda ta koma. George Hale ne ya tabbatar da maganaɗisun tabo a 1908 a Amurka. Rukunin da ka ga ya cakuɗe, baƙaƙen cibiyoyi da yawa a cikin toka ɗaya, sa masa alama da jan biro, irinsa ne ke fashewa.

Mai tsohuwar rediyo yana da ƙarin gwaji. Idan rana ta yi babbar fashewa da rana tsaka, tashoshin gajeren zango kan dushe ko su ɗauke ɗif na mintuna, wani lokacin har sa'a guda. Hasken fashewar yana iso mu cikin minti 8 da ɗoriya, curin iskar da ta watso kuwa sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Irin wannan ne ya kashe wutar lardin Quebec na Kanada na tsawon awa 9 a ranar 13 ga Maris 1989. Amma don Allah kada a ɗora wa tabon rana ɗaukewar wutarmu ta yau da kullum, kuma kada a ɗora masa zafin Afrilu: bambancin ƙarfin rana tsakanin shekarar da tabo ya yi yawa da wadda ya yi ƙaranci bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ba.

Don duba aikinka, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana sa hoton rana na kullum daga tauraron ɗan'adam mai suna SDO. Yi zanenka tukuna kafin ka buɗe waya, in ba haka ba idonka zai ga abin da aka gaya masa. In zanenka ya zo a juye, ɗaga takardar a hasken taga ka kalle ta ta baya.

10. Gwada maganar duniyoyi da alƙalaminka

Yawan tabo yana hawa ya sauka duk bayan kusan shekara 11. Zagayen da ake kira na 25 ya fara a Disamba 2019, ya kai ƙololuwa wajen Oktoba 2024, daga nan sai gangara, don haka in ka ga tabo na raguwa a littafinka shekara bayan shekara, ba idonka ba ne. Ita kuwa Mushtari, babbar duniyoyin, tana zagaya rana cikin shekara 11.86. Kusancin lambobin nan biyu shi ne tushen maganar da ake yawo da ita.

Buɗe shafin ƙarshe na littafinka, ka ja layi biyu. A na farko rubuta shekarun da tabo ya kai ƙololuwa: 1958, 1968, 1979, 1989, 2001, 2014, 2024. A na biyu rubuta shekarun da Mushtari ta fi kusantar rana: 1963, 1975, 1987, 1999, 2011, 2023. Yanzu gwama su. A 2023 kusancin ya zo dab da ƙololuwa, kamar maganar ta tabbata. Koma baya kuwa: a 1963 da 1975 ya zo ne dab da lokacin da tabo ya fi ƙaranci, wato 1964 da 1976. Abin da ke haddasa abu ba ya zuwa yau da yawa gobe da babu.

Ƙara da wannan: zagayen tabo ba shi da tsayayyen tsawo, wani shekara 9, wani har 14, alhali tafiyar Mushtari ba ta sauyawa. Tsakanin 1645 da 1715 tabo ya kusan ɓacewa gaba ɗaya na shekara 70, duniyoyi kuwa suna nan suna zagayensu. Kuma jan da Mushtari ke yi wa fuskar rana, irin wanda wata ke yi wa teku, tudun da yake tayarwa bai wuce kimanin milimita ɗaya ba a jikin abin da faɗinsa ya kai kilomita miliyan 1.39. Akwai wasu masu bincike a Jamus da ke ganin jerin Zahra da duniyarmu da Mushtari, wanda ke maimaituwa duk shekara 11.07, yana iya zama kamar mai kiɗa da ke daidaita wa rana taku. Hasashe ne da ake tafka muhawara a kansa, yawancin masana ilimin rana suna kan cewa injin yana cikin ranar ne. A ganina duk wanda ya ce maka jerin duniyoyin wata kaza zai fasa rana ko ya jawo wata masifa, ka miƙa masa wannan shafin ya yi maka bayanin 1975.

Tasirin da aka tabbatar ta ɗaya ɓangaren yake bi, daga rana zuwa duniyoyi. Iskar da take hurowa ita ke kunna hasken nan na ƙuryoyin duniyarmu, akwai irinsa a Zuhalu, duniyar nan mai zobe, kuma ita ke ta kankare iskar Mirrihu, jar duniyar nan, wadda ba ta da garkuwar maganaɗisu irin tamu.

11. Ranar da duniya za ta yi kama da tabo

Wani lokaci Uɗaridu, wato mafi kusa da rana a cikin duniyoyin, kan gifta tsakaninmu da rana, ya fito a takarda kamar ɗigon tawada. Bambancinsa da tabo uku ne: zagayayye ne sumul, baƙi ƙirin babu toka a gefensa, kuma yana ratsawa cikin sa'o'i ba makonni ba. Ya yi haka ranar 11 ga Nuwamba 2019, na gaba kuma sai 13 ga Nuwamba 2032, daga safe zuwa wajen tsakar rana agogon Najeriya, a cikin kaka, lokacin da samaniyar Kano ta fi kyau. A da'irarka mai milimita 109 bai fi rabin milimita da kaɗan ba, don haka sai na'urar ta tsaya cak kuma kwalin ya yi duhu sosai. Giftawar Zahra kuwa ta wuce mu tun Yunin 2012, ba za ta sake ba sai 2117.

Kafin 2032 akwai husufin 2 ga Agusta 2027, wanda zai rufe rana ruf a Luxor ta Masar, mu nan Kano mu ga wani ɓangare ya ciwu. Kayan nan dai su ne za su yi maka aiki ranar, kujera da kwali da robar taya. Damina ce, don haka a haɗa komai tun daren jajibere, a zauna a jira gajimare ya ba da kafa.